Zapata: kamfanin da ya ɗauki masana tun kafin injin ya iso

A watan Oktoban 2018 jaridar New York Times ta buga labari kan ƙarancin masanan kwamfutar kwantum, wato sabon nau'in kwamfuta mai aiki da ƙa'idojin fiziks na ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma da wani ƙaramin kamfani na birnin Cambridge a jihar Massachusetts ta buɗe shi. Shugaban kamfanin, Christopher Savoie, ya yi wa masana uku tayin aiki, duka ukun suka amsa, amma watanni suka shuɗe ana jiran gwamnatin Amurka ta ba su biza, domin a Turai da Asiya aka haife su. Jaridar ta kawo ƙiyasin cewa waɗanda ke kan gaba a wannan bincike a duk faɗin duniya ba su kai dubu ba. Sunan kamfanin Zapata Computing. Shekara shida bayan fitowar labarin, a Oktoban 2024, ya sallami kusan dukkan ma'aikatansa, ya dakatar da aiki.

Karyewar sabon kamfanin fasaha ba baƙon abu ba ne, da yawansu a haka suke ƙarewa. Abin da ya sa na Zapata ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, matsalarsa ba ta rashin gwanaye ba ce. Ya tara mutanen da suka fi kowa sanin fannin, sun kuma yi aikin da aka ɗauke su dominsa. Sai dai kuɗin da masu zuba jari ke bai wa sabon kamfani yakan ƙare ne cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, injin da aikin ya dogara a kansa kuwa ana maganar shekara goma ko fiye kafin ya nuna. Duk mai ɗaukar injiniyan algoridim na kwantum, wato mai tsara matakan lissafin da injin zai bi, da duk mai neman wannan aikin, a cikin wannan tazara yake rayuwa, ko ya sani ko bai sani ba.

Daga ɗakin bincike zuwa kamfani

An kafa Zapata a 2017, ya fito ne daga ɗakin binciken Farfesa Alán Aspuru-Guzik a Jami'ar Harvard. Masanin kemistiri ne da ya tashi a Meziko, shi ya sa aka raɗa wa kamfanin sunan Emiliano Zapata, jagoran manoma a juyin juya halin ƙasar. Tare da shi akwai matasan masana daga rukuninsa, Yudong Cao da Jonathan Olson da Peter Johnson da Jhonathan Romero, sai Savoie da ya riƙe ɓangaren kasuwanci.

Sunan Aspuru-Guzik yana da nauyi a fannin. Tun 2005 shi da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Science yadda kwamfutar kwantum za ta iya lissafa makamashin ƙwayoyin sinadarai. A 2014 kuma yana cikin waɗanda suka fito da dabarar da ake kira VQE, wadda ta zama ginshiƙin begen wancan lokacin. Fahimtar wannan dabara ita ce mabuɗin fahimtar irin mutanen da kamfanin ya nema.

Algoridim ɗin da suka yi suna tun farko, irin na Peter Shor na 1994 mai fasa manyan lambobi, da na Lov Grover na 1996 mai binciko abu cikin tarin bayanai, suna buƙatar injin da ke gyara kurakuransa da kansa. Babu irin wannan injin a lokacin, har yanzu ma babu shi a girman da zai yi amfani. Abin da ake da shi ƙananan injuna ne masu kubit 'yan gomomi (kubit shi ne ƙwayar da injin kwantum ke riƙe bayani da ita), waɗanda kuskure ke cinye lissafinsu bayan 'yan matakai. John Preskill na Caltech shi ya ba wa wannan zamanin suna NISQ a 2018, wato zamanin matsakaitan injuna masu yawan kuskure. Hikimar VQE ita ce a raba aikin gida biyu: injin kwantum ya yi gajeren lissafi ya auna sakamako, kwamfuta ta yau da kullum ta duba ta ɗan juya ma'aunai, a sake komawa, a yi ta zagaye har a kusanci amsar. Fatan shi ne ko da injin mai yawan kuskure ne, za a iya tatsar wani amfani daga gare shi tun kafin babban injin ya zo.

A kan wannan fata aka zuba kuɗi. Kamfanin ya samu fiye da dala miliyan 5 a 2018, dala miliyan 21 a 2019, sai dala miliyan 38 a ƙarshen 2020. A Disambar 2018 gwamnatin Amurka ta kafa dokar da ta ware kimanin dala biliyan 1.2 don binciken kwantum cikin shekara biyar. A 2019 Google ta ce injinta Sycamore mai kubit 53 ya yi cikin daƙiƙa 200 abin da babbar kwamfuta za ta shafe shekara 10,000 tana yi, IBM ta musanta ta ce kwana biyu da rabi ya isa. Gardamar ma talla ce ga fannin.

Zapata bai ƙera inji ba. Kasuwarsa biyu ce: manhajar Orquestra, wadda ke tsara gudanar da lissafi a kan injunan wasu kamfanoni, da kuma ayyukan gwaji da manyan kamfanoni ke biya a yi musu don kada a bar su a baya. Saboda haka jarinsa na gaske mutane ne, kuma mutane masu wuyar samu. Binciken da aka yi a kamfanoni 57 na QED-C, ƙungiyar masana'antar kwantum, wanda ya fito a 2021, ya nuna cewa ayyuka da dama a masana'antar kwantum ba sa buƙatar digirin digirgir, kamar masu haɗa na'urori da masu rubuta manhaja. Amma mai ƙirƙirar algoridim yana cikin 'yan kujerun da kamfanoni suka fi neman mai digirin digirgir a kansu. Dalilin a fili yake. Aikin ya haɗa lissafi mai zurfi, da fiziks, da sanin fannin abokin ciniki, ko kemistiri ne ko harkar kuɗi, da iya rubuta manhaja mai tsabta da yaren Python. Wanda ya haɗa duka huɗun, Google da IBM da Microsoft da Amazon ma suna zawarcinsa, kuma albashinsu ƙaramin kamfani ba ya iya kamo shi. Abin da ƙaramin kamfani ke cike giɓin da shi abu biyu ne, alkawarin hannun jari da 'yancin wallafa bincike. Za mu ga yadda kowannensu ya kasance da ranar wanka ta zo.

Takardar da ta faɗi gaskiya

A ganina, wurin da ya fi kowane muhimmanci a tarihin Zapata ba ranar rufewa ba ce. Wata takardar bincike ce da ma'aikatansa suka rubuta tare da masanan kamfanin mai na BP, wadda ta fara fitowa a ƙarshen 2020, mujallar Physical Review Research ta buga ta a 2022. Tambayar da suka ɗora wa kansu mai sauƙi ce: idan ana son a lissafa makamashin da ƙananan sinadarai irin methane da ethanol ke fitarwa idan sun ƙone, da VQE, a daidaiton da masana kemistiri za su yarda da shi, tsawon wane lokaci za a ɗauka?

Ga yadda lissafin yake. Injin kwantum ba ya miƙo amsa a dunƙule. Duk lokacin da aka auna shi, sifili da ɗaya yake bayarwa, kamar an jefa kwabo, sai an maimaita sau da yawa a ɗauki matsakaici. Ƙa'idar ƙididdiga kuwa ba ta da sassauci: in kana son ka rage kuskure sau goma, sai ka ninka awon sau ɗari. Daidaiton da ake buƙata a kemistiri kusan 0.0016 ne a ma'aunin makamashi na Hartree. Ka ninka wannan lamba da kanta, ka raba ɗaya da abin da ya fito, za ka samu wajen 390,000. Wannan fa kafin a shigo da girman ƙwayar sinadarin ke nan, domin adadin sassan da za a auna yana hauhawa ne kamar an ninka girman matsalar da kansa sau huɗu. Girma 10 zai ba ka sassa wajen 10,000, girma 100 kuwa wajen miliyan 100. Akwai dabarun haɗa sassan a auna su tare, kuma marubutan sun yi amfani da mafi kyawun da ake da su a lokacin. Duk da haka sakamakon ya nuna kwanaki ake buƙata don a samu lamba guda ɗaya, alhali VQE sai ya nemi irin wannan lambar sau ɗaruruwa ko dubbai kafin ya kai ga amsa. Sinadaran nan kuwa kwamfuta ta yau da kullum ta daɗe da iya lissafa su.

A taken takardar ma sun kira awon da shingen da ya tare hanya. Wato ma'aikatan kamfanin da aka gina a kan VQE, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi na cikin marubutan, su suka fito suka nuna da alƙaluma cewa dabarar a yadda take ba za ta kai ga riba ba. Wannan shi ne aikin injiniyan algoridim a mafi kyawun siffarsa, kuma ya kamata a yaba wa kamfanin da ya bari aka wallafa. Amma a dubi inda ya bar sashen kasuwanci. Abokin ciniki ya biya kuɗi, an ba shi amsa ta gaskiya, amsar kuma ita ce ya dawo bayan wasu shekaru. Irin wannan amsar ba ta cika haifar da kwangila ta biyu ba.

Ba awo kaɗai ne shingen ba. A 2018 Jarrod McClean da abokan aikinsa a Google, shi ma yana cikin waɗanda suka fito da VQE tun farko, suka nuna cewa idan kubit suka yi yawa, kwamfutar da ke juya ma'aunai takan rasa inda za ta dosa, ko ta ina ta juya sakamakon kusan ɗaya ne. A shekarar dai, Ewin Tang, tana da shekara 18 a Jami'ar Texas da ke Austin, malaminta Scott Aaronson ya ba ta aikin tabbatar da cewa babu kwamfutar yau da kullum da za ta kamo wani algoridim na kwantum da Iordanis Kerenidis da Anupam Prakash suka fito da shi a 2016, mai hasashen abin da mai saye zai so. Maimakon haka sai ta samo hanyar yau da kullum da ta kusan kamo shi. Wasu algoridim na koyon na'ura da ake alfahari da su suka bi sahu. A Yunin 2023 IBM ta wallafa a Nature sakamakon injinta mai kubit 127, cikin 'yan makonni wasu rukunonin masana suka maimaita lissafin a kwamfutoci na yau da kullum.

Wannan shi ne abin da ya raba wannan sana'a da sauran aikin manhaja. Wanda ya rubuta manhajar banki, in ta yi aiki ta yi. Injiniyan algoridim na kwantum kuwa yana iya shafe shekara biyu a kan wata dabara, wani ɗalibi a wata jami'a ya rushe amfaninta da takarda guda, ba don ya yi kuskure ba, sai don kwamfutar da ake ƙoƙarin wucewa ita ma ba a tsaye take ba.

Da kuɗi suka yi wuya

Daga Maris 2022 Babban Bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, zuwa Yulin 2023 ya haura kashi 5 cikin ɗari. Masu zuba jari suka daina haƙuri da alkawarin nesa. A Fabrairun 2023 Rigetti, mai ƙera injuna, ya rage kusan kashi 28 cikin ɗari na ma'aikatansa. Kamfanonin manhaja zalla sun fi shiga matsi, domin masu ƙera injuna suna raba kayan aiki kyauta, IBM na da Qiskit, Google na da Cirq, Xanadu na da PennyLane. Wasu sun riga sun nemi mafaka: Cambridge Quantum ya haɗe da sashen kwantum na Honeywell a 2021 suka zama Quantinuum, Qu&Co ya shige cikin Pasqal a farkon 2022. Zapata ya ci gaba shi kaɗai.

Sai ga ChatGPT a Nuwamban 2022, hankalin masu kuɗi ya koma can gaba ɗaya. A 2023 kamfanin ya sauya suna zuwa Zapata AI, ya ce yanzu ƙirƙirarriyar basira yake sayar wa masana'antu. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin bin iska, amma ba daga sama sauyin ya faɗo ba. Masanansa sun daɗe suna aiki a kan dabarun lissafi da aka aro daga fiziks na kwantum amma ake gudanar da su a kwamfutar yau da kullum. Da irinsu suka yi wa BMW gwajin tsara jadawalin ƙera motoci tare da masanan MIT. Ƙungiyar tseren motoci ta Andretti ma abokiyar ciniki ce tun 2022, ana sarrafa mata bayanan tsere.

Ta fuskar ma'aikaci, ga abin da wannan ke nufi. An ɗauki mutum saboda ya san yadda ake tsara lissafi a kan kubit, yanzu kuɗin shiga na fitowa ne daga tsabtace bayanan abokin ciniki da horar da tsarin koyon na'ura. Wani zai ji daɗi, domin ya samu sana'ar da ake nema a ko'ina. Wani zai ga cewa duk watan da ya wuce yana nesa da fannin da ya kashe shekara biyar ko shida yana digiri a kansa. Shi kuma kamfanin ya koma fafatawa a kasuwar da ƙwarewarsa ta musamman ba ta ba shi wani fifiko sosai ba, da ma'aikata masu tsada da aka zaɓo don wata kasuwa dabam. Kuɗin shigarsa na 2023 bai kai dala miliyan 6 ba, asarar shekarar kuwa ta ninka haka sau da yawa.

Hanyar da ya bi don neman kuɗi ita ce SPAC, wato a haɗe da wani kamfani da ba ya sana'ar komai sai riƙe kuɗin masu jari, wanda ya riga ya shiga kasuwar hannun jari. Cikin masu ƙera injunan kwantum, IonQ ya bi wannan hanya a 2021, Rigetti da D-Wave a 2022. Zapata ya haɗe da Andretti Acquisition Corp., a farkon Afrilun 2024 aka fara cinikin hannun jarinsa a kasuwar Nasdaq. Raunin tsarin SPAC shi ne masu jarin farko suna da damar karɓe kuɗinsu kafin a ƙulla haɗewar, kuma a nan mafi yawan kuɗin sun fice. Kamfanin ya ɗauki nauyin zama a kasuwa, lauyoyi da masu binciken kuɗi da rahoton kowane wata uku, ba tare da ya samu kuɗin da ya shiga dominsu ba. Hannun jarin da a irin wannan tsari ake farawa da shi a dala 10 ya faɗo ƙasa da dala ɗaya cikin 'yan watanni. A farkon Oktoba wani kamfanin zuba jari, Sandia Investment Management, ya yi amfani da wani sharaɗi a yarjejeniyarsu da ya gaggauto da biyan kusan dala miliyan 2.5. Hukumar gudanarwa ta amince a dakatar da aiki, Savoie ya sauka. Kamfanin da ya tara sama da dala miliyan 60 daga masu zuba jari, ya kai inda bashin da bai kai miliyan 3 ba ya gagare shi biya.

Bayan wata biyu, a Disambar 2024, Google ta sanar da injinta Willow mai kubit 105, wanda ya nuna cewa ƙara girman tsarin gyaran kuskure yana rage kuskuren maimakon ya ƙara shi. Hannayen jarin IonQ da Rigetti da D-Wave suka yi tashin gwauron zabi. A Janairun 2025 shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya ce kwamfutar kwantum mai amfani sosai tana iya ɗaukar shekara 15 zuwa 30, hannayen jarin suka rikito a yini guda. Ilimin bai sauya ba tsakanin Oktoba da Janairu yadda farashin ya sauya. Albashin masani a ƙaramin kamfani kuwa da wannan farashin yake ɗaure.

Abin da ya rage a hannun ma'aikaci

A koma kan abubuwa biyun da aka cike giɓin albashi da su. Tsarin da aka saba a sababbin kamfanonin Amurka shi ne hannun jarin ma'aikaci ya nuna cikin shekara huɗu, ba ya samun komai sai ya cika shekarar farko, kuma abin da ake ba shi yawanci dama ce ta saye a wani farashi da aka yanke. Idan farashin kasuwa ya faɗi ƙasa da wancan, damar ba ta da daraja. Bayan shiga kasuwa kuma akan hana mutanen cikin gida sayarwa na wasu watanni, galibi shida. In kamfani ya rushe, masu bin bashi ake fara biya, mai hannun jari na gama-gari shi ne na ƙarshe a layi. Karɓar ragin albashi saboda irin wannan alkawari cinikin biri a sama ne, sai dai mutum ya shiga da sanin haka.

Wallafa bincike kuwa ta biya. Takardar da ke ɗauke da sunan mutum tana nan a intanet ko kamfani ya mutu, haka ma manhajar da aka saki kowa ya gani. A fannin da kowa ya san kowa, wannan shi ne takardar shaidar aiki ta gaske. Saboda haka mai neman aiki a irin wannan kamfani ya fi kyau ya matsa a kan sharaɗin wallafawa fiye da yadda zai matsa a kan yawan hannun jari: wa ke ba da izini, wata nawa ake jira, me zai faru in abokin ciniki bai ji daɗin sakamakon ba.

Ga baƙo kuma akwai ƙarin nauyi. Mai bizar aiki ta Amurka, H-1B, da aka sallama yana da kwana 60 ne kacal ya samu wani kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, ko ya sauya matsayi, ko ya bar ƙasar. A fannin da kujerunsa ba su da yawa, kuma wasu daga cikinsu na ɗakunan binciken gwamnati ne da ke fifita 'yan ƙasa, kwana 60 ba wani lokaci ba ne. A Satumbar 2024 ma Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ta sanya fasahar kwantum cikin kayan da ake sa wa ido wajen fitarwa, abin da ya ƙara wa kamfanoni takardun cikewa game da wasu ma'aikata baƙi.

Akwai wani ɓangare na aikin Zapata da ba a cika ambata ba, ni kuwa shi nake ganin ya fi nuna inda sana'ar ta dosa. Kamfanin yana cikin waɗanda hukumar DARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka ta zaɓa a shirinta na auna amfanin kwamfutar kwantum, inda ya gina manhajar BenchQ. Aikin shi ne a ɗauki matsala ta gaske, a lissafa kubit nawa, matakai nawa, awa nawa babban injin nan gaba zai buƙata kafin ya warware ta, sannan a nemi hanyar rage adadin. Irin wannan aiki ba ya jiran inji, da takarda da kwamfutar yau da kullum ake yinsa, kuma ana ganin ci gabansa da lamba. A 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun ƙiyasta cewa fasa makullin ɓoye bayanai na RSA-2048 zai ci kubit miliyan 20 cikin awa takwas. A 2025 Gidney ya sauko da shi ƙasa da kubit miliyan ɗaya, cikin ƙasa da mako guda. Ragin sau ashirin ke nan ba tare da an ƙera ko kubit ɗaya ba. Masu ƙera injuna suna buƙatar wannan don su san me za su gina, gwamnatoci suna buƙatarsa don su san yaushe za su sauya makullansu. Matsalar ita ce masu biyan kuɗinsa kaɗan ne, ba zai ciyar da kamfanin da ya yi wa kasuwar hannun jari alkawarin bunƙasa cikin sauri ba.

Wannan ya kamata ya sauya yadda ake tantance mai neman aiki. Tambayar ya bayyana algoridim ɗin Shor a allo ba ta raba kowa da kowa, duk wanda ya kai matakin ganawa ya iya. Gara a ce masa: ga abokin ciniki yana da matsalar zaɓo mafi kyau cikin hanyoyi tiriliyan ɗaya, ya ji an ce Grover zai rage masa aiki, me za ka gaya masa? Mai haddar littafi zai ce tiriliyan ya koma miliyan ɗaya, ya yi shiru yana jiran yabo. Wanda ya san aikin zai tambaya nawa kowane mataki zai ci bayan an ɗora gyaran kuskure, zai tuna cewa matakin kwantum da aka gyara ya fi na kwamfutar yau da kullum jinkiri nesa ba kusa ba, cewa ita kwamfutar yau da kullum ana iya jera dubunta su raba aikin, kuma da wuya a samu matsalar gaske da sai an bi hanyoyinta ɗaya bayan ɗaya. Masanan Google, Ryan Babbush da abokansa, sun wallafa wannan hujja a 2021, suka ce a daina dogaro da irin wannan ragi a injunan farko. Mai neman aiki na biyun shi ne ya cancanci kujerar. Amma kamfanin da zai ɗauke shi sai ya fara tambayar kansa ko yana da kuɗin da zai jure jin amsoshinsa, domin yawancinsu a'a ne.

Shi ma mai neman aikin yana da nasa tambayoyin, kuma babu rashin kunya a cikinsu. Wata nawa kuɗin da ke asusu zai kai a yadda ake kashewa yanzu? A cikin kuɗin shiga, nawa ne daga abokan cinikin da suka dawo karo na biyu, nawa ne daga gwajin da aka yi sau ɗaya aka watse? Cikin ayyukan da aka miƙa bara, guda nawa ne suka taɓa injin kwantum na gaske? Wa ke da alhakin gina mafi ƙarfin hanyar yau da kullum da za a gwada sakamako da ita, kuma ana jin maganarsa? In kamfanin na kasuwar hannun jari ne, amsar ta farko tana cikin rahoton da yake miƙa wa SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, kowa na iya karantawa, har da gargaɗin da doka ta tilasta a rubuta idan akwai shakkar kamfani zai kai shekara mai zuwa. Takardun Zapata sun ɗauki irin wannan gargaɗi tun kafin Oktoba.

A 2025 kamfanin ya sake ɗagowa bayan ya daidaita da masu binsa bashi, ƙarƙashin Sumit Kapur, wanda a da shi ne jami'in kuɗinsa. An cire AI daga sunan, yanzu Zapata Quantum ne, kuma ya ce manhajar kwantum zai koma yi, da haƙƙin mallakar fasahohin da tsofaffin ma'aikatan suka ƙirƙiro.